Shin Wanda Bai Taɓa Dukan Dokinsa Ba Zai Iya Zama Azzalumi?



'Yan uwa, ga mas'ala. Mutum ne yake da doki a barga. Bai taɓa zabga masa bulala ba, harawa da dusa da kanwa ba sa yankewa, ruwa kullum a cike. Amma wata biyar, wata shida, ba wanda ya ɗaga ƙafar dokin nan ya duba ƙarƙashinta. Kofato ya yi tsawo, ya baje, ya fara tsagewa. Yana da laifi a wurin Allah ko babu?

A fahimtata yana da shi, kuma dalilin yana jikin turken da ya ɗaure dokin.

Kofato ɗan uwan farce ne, kullum tsiro yake, kusan santimita 1 a wata. Dokin da yake sake a daji yini yake yana tafiya neman ciyawa da ruwa, ƙasa da tsakuwa suna cinye abin da ya tsiro. Haka Allah ya tsara masa, ba ya buƙatar kowa. Ranar da ka sa masa igiya, ka raba shi da wannan tsari, sai aikin da ƙasa take yi masa ya dawo wuyanka. Ku tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil ma, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya ƙi a sayar da ita, haka in yana ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ni ina ganin abin da zai hana ta gurguncewa ya shiga wannan babi.

Abin ba wani mai wuya ba ne fa. Masu sana'ar suna cewa duk sati 6 zuwa 8 a yanke a daidaita. In an bari ya yi tsawo, nauyin doki sai ya koma kan jijiyoyin bayan ƙafa, tun ba ma ƙafafun gaba ba, waɗanda suka fi ɗaukar nauyi. Da damina kuwa, dokin da yake tsaye cikin kashinsa da fitsarinsa tsakiyar kofatonsa ruɓewa take, ta yi baƙi tana wari. Maganin wannan sharar barga ne da sakace kofato kullum. Tsagar da ta taso daga sama kuma sai kofaton ya sake tsirowa gaba ɗaya take fita, abin da kan ci kusan shekara.

Wani zai ce, to Malam, buga wa dabba ƙusa a ƙafa ba azabtarwa ba ce? A'a, in gwani ne ya buga. Bangon kofato na waje ba ya jin zafi, kamar yadda ba ka jin zafin yankan farce. In ɗan koyo ya karkace ƙusar ta shiga nama, nan ne masifa, don haka zaɓen mai aikin ma amana ce. Kuma ba kowane doki ne yake buƙatar takalmin ƙarfe ba. Yawancin dawakinmu a kan rairayi suke, yanka ya ishe su. Wanda ake yawan gudu da shi a kwalta shi ne abin dubawa, don kwalta tana cin kofato fiye da yadda yake tsirowa. Sannan takalmin da aka buga aka manta da shi wata huɗu ya fi rashinsa cutarwa, domin kofato yana girma, ƙarfe ba ya girma.

Abin da yake ba ni mamaki, mutum zai kashe maƙudan kuɗi a sirdi da jalala da linzami don Hawan Daushe, amma mai yankan kofato ya zo sai an yi ta ciniki da shi kamar za a sayi tumatir. Alhali a Suratul Adiyat, da Allah ya rantse da dawaki, tartsatsin da kofatansu suke fitarwa ya ambata.

Saura dokin haya, wanda samari suke ɗauka don kilisa ko hawan angwanci. Yanka da gyara na mai doki ne, wannan babu ja. Amma kai da ka hau, in ka ji yana ɗingishi, ko ka ga yana sauke ƙafa ɗaya da kyar, kuɗin da ka biya bai halatta maka ƙarasa sukuwar ba. Ka sauka, ka ɗaga ƙafar ka duba, wataƙila tsakuwa ce ta maƙale, ka cire. In ba ita ba ce, ka ja shi da hannu ka mayar wa mai shi, ka gaya masa abin da ka gani, ko da abokanka za su yi maka dariya a hanya.