Kada Ka Tara Wuta a Cikinka

Karatun yau: 2 Sama'ila 13:20-29, Afisawa 4:25-32
Ayar haddacewa: Afisawa 4:26

A nan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ba mu da dutse mai aman wuta. Duwatsunmu suna kwance lafiya, har shanya ake yi a kansu. Amma a wasu ƙasashe akwai duwatsun da wuta take ci a cikinsu. Sai su yi shekaru aru-aru ba motsi, rana ɗaya su buɗe baki su cinye gari. Mutanen dā da suka ga haka sun ce fushin alloli ne. Romawa sun ɗauka maƙerar allahnsu na wuta ce a ƙarƙashin dutse. Kakanninmu ma sun ji tsoron duwatsu irin su Kufena da Dala, suna kai yanka saboda iskokin da suke zaton suna zaune a can. Mu da hasken bishara ya haskaka mun sani dutse halitta ne, Ubangiji ne ya kafa shi, ba ma yi masa sujada. Duk da haka yana da wa'azin da zai yi mana.

A arewa maso yammacin Kamaru, kusa da iyakar Najeriya, akwai wani tafki mai suna Nyos. Yana zaune ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Ruwansa a kwance yake, manoma da makiyaya suna zaman lafiya kewaye da shi. Ashe daga can ƙarƙashin ƙasa wata iska tana ta shiga ruwan, irin wadda take sa lemon kwalba kumfa, tana taruwa a gindin tafkin shekara da shekaru. A daren 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka ta rufe ƙauyuka. Mutane fiye da 1,700 suka mutu, da dabbobi wajen 3,500, da yawa a kan shimfiɗarsu. Ba harshen wuta, gidaje suna tsaye, amma masu gidajen sun tafi.

Karatunmu na yau ya nuna mana mutum mai kama da wannan tafki. Amnon ya ci zarafin Tamar, ƙanwar Absalom. Laifin na gaske ne, mai nauyi ne kuma. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ba. Absalom kuwa bai ce wa Amnon uffan ba, ko mai daɗi ko marar daɗi. Shekara biyu cur yana gaisawa da mutane, wanda ya gan shi zai ce ai magana ta wuce. Ranar bikin sausayar tumaki ya gayyaci 'yan'uwansa, ya sa barorinsa suka kashe Amnon. Daga nan gidan Dawuda bai ƙara samun kwanciyar hankali ba, Absalom kansa ya ƙare a rataye a itace.

Mu Hausawa mutanen kara ne da kunya. Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, akwai asirin da ya kamata a riƙe. Amma ba a yi ciki domin ajiyar ƙiyayya ba. Haƙuri dabam, haɗiyewa dabam. Mai haƙuri ya kai maganar gaban Allah ya sauke ta a can. Mai haɗiyewa ya ce “ba komai” da baki, zuciyarsa tana lissafi.

Ɗan'uwa, bincika kanka. Wanka ya matsa iyakar gona tun rasuwar mahaifinku, kuna zama a benci ɗaya ran Lahadi, ba ka taɓa ɗaga maganar ba, amma 'ya'yanka sun san ba a shiga gidansa. 'Yar'uwa, wata ta faɗa miki magana a zumuntar mata, yau shekara uku ke nan, kina amsa gaisuwarta da haƙori kawai. Wani maƙwabci ne ya tare masa ruwa a fadama har rakensa ya bushe. Wani shanu ne suka shiga masa gona ba a biya shi ba. Waɗansu dattawanmu kuma har yanzu suna ɗauke da zafin rikicin Maris 1987, wanda ya taso daga Kafanchan ya iso Zariya, suna miƙa shi ga jikoki kamar gado. Ba wanda ya ce ba a cuce ka ba. Tambayar ita ce, ina ka ajiye zafin? Ranar da ya ɓalle, ba mai laifin zai fara shaƙewa ba. Matarka da 'ya'yanka da suke kwana kusa da kai, su ne ƙauyukan cikin kwari.

Ku ji abin da aka yi wa tafkin Nyos. Ba a iya hana iskar shiga ruwan ba. Sai a shekarar 2001 masana suka kafa dogon bututu har gindin tafkin, aka ƙara biyu a 2011, domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, dare da rana. Mai dafa mazarƙwaila a Makarfi ya san wannan hikima: yana tsaye a bakin tukunya yana kwashe kumfa tun ba ta yi ambaliya ba.

Allah ya riga ya ba mu namu bututun. Manzo Bulus bai ce mai bi ba zai ji fushi ba, wa'adi ya sa masa: faɗuwar rana. Fushin da ya kwana ya zama ƙofar da Iblis yake shiga. Ubangiji Yesu kuma ya koya mana a Matiyu 18:15 mu je wurin wanda ya yi mana laifi, mu biyu kaɗai, mu faɗa masa. In ya ƙi ji, a nemi shaidu, sa'an nan ikilisiya. Gafara ba ta hana a kira dattawa su daidaita iyakar gona. Abin da take hanawa shi ne ka zauna kana jiran ranar ramuwa.

Kada kuma ka ce zuciyarka ta riga ta ƙone. A Kerang da Panyam, cikin ƙaramar hukumar Mangu a jihar Filato, akwai duwatsun da suka taɓa aman wuta a zamanin dā. Yau gonaki ne kewaye da su, ƙasar tana ba da amfani, daga Kerang ma ruwan kwalba na Swan yake fitowa. Inda wuta ta fito, ruwan sha yake ɓuɓɓugowa. Ruhu Mai Tsarki yana iya yin haka da kai. Haleluya!

Aikin yau: Kira sunan mutumin a gaban Allah. Kafin rana ta faɗi, je wurinsa ko ka buga masa waya.

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai ganin abin da yake can gindin zuciyata. Na kawo maka zafin da na daɗe ina ɓoyewa. Kamar yadda ka gafarta mini ta wurin jinin Yesu, ni ma na yafe. Kowace gabar da aka gada a gidanmu, ta ƙare a kaina, ba za ta kai ga 'ya'yana ba. Ka ba ni ƙarfin hali in je, ka sa mini magana mai laushi a baki. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.