Haƙƙin Baƙo da Haƙƙin Ruwa a Duwatsun Azbin

Duwatsun Azbin, a arewacin Agadas, sun daɗe da sanin baƙunci. Daga can ayari ke gangarowa Damagaram da gishirin Bilma, ya sauka a unguwar Zango ta Zinder, inda fatoma ke ba fatake masauki, ya nemo musu masu saye, ya ɗauki la'adarsa. Turawa masu yawon buɗe ido kuwa kallo ne ya kai su Azbin. Sun yawaita a shekarun 1980, UNESCO ta sa Azbin da Tenere cikin wuraren gadon duniya a 1991, sai tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 suka tsinke zuwansu.

Ko ya halatta a karɓi kuɗi a hannun irin wannan baƙo? Musulunci ya ba baƙo liyafar kwana uku, kuma an ruwaito daga Imamu Malik da Sahnun cewa nauyin yana kan mutanen karkara, tunda a birni matafiyi ba ya rasa masaukin haya. Ke nan dalilin hukuncin shi ne buƙata. Wanda ya zo da motarsa da tantinsa da kukunsa ba mabuƙaci ba ne, don haka abin da ke tsakaninsa da ɗan jagora da direba da maƙerin azurfa ijara ce da ciniki, kamar dai na fatoma.

Wuyar tana wajen ruwa. A Timiya, lambunan lemo da rumman da alkama sun dogara da rijiyoyin bakin ƙorama, waɗanda bisa al'ada raƙumi ke jan gugarsu, ruwan ya bi ƴan magudanai fangali bayan fangali. Shari'a ta sa jama'a tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, ta kuma gabatar da ƙishin mutum, sannan na dabba, sannan na shuka. Wankan ɗan kallo yana bayan duk waɗannan. Malikiyya sun yarje wa mai rijiya a filinsa ya sayar da ruwanta, amma ruwan ƙarƙashin ƙorama ɗaya ne: in mai masauki ya dasa inji ya zuƙe, rijiyar maƙwabci ta ƙafe, ya shiga cutarwa, ko da baƙi sun biya ninki. Haka itacen da ake hura musu wutar hira, a ƙasar da ƙaya ke shekaru kafin ta yi inuwa.

Ko a wajen Azbin, wannan ma'auni ya hau kan tafkin Gidimuni, wanda ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a 2019: masu lambu da masunta da makiyaya sun riga duk wani mai masaukin baƙi haƙƙi a ruwansa.