Naci da Taurin Kai a Ajin Koyon Kasuwanci

Tun daga shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 gwamnatin Nijeriya ta wajabta wa jami'o'i koyar da darasin kafa sana'a, watau kowane ɗalibi, ko likitanci ya ke karantawa ko shari'a, sai ya zauna an koya masa yadda a ke fara kasuwanci da yadda a ke riƙe shi. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, masu fitowa da takardar shaida sun yi wa kujerun ofis yawa. Amma sai ka ji dattawan kasuwa suna dariya, suna cewa, "Yaushe aka taɓa koyon ciniki a kan allo?" Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin malami ya iya koya wa yaro lissafin riba cikin sa'a guda, amma ba shi da ikon ɗura masa hali. To, wane hali ne darasin nan ya ke bukata, kuma ina iyakarsa?

A ganina babu kamar sabawa da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kullum, ko da an gaji. Mu ɗauka an sa ɗalibi ya gwada ɗan ciniki, ya saro sabulu na naira 20,000, ya sayar a kan 26,000. Nan da nan sai ya shiga murna, wai ya ci ribar 6,000. Ya manta ya biya kuɗin mota 1,500, ya sayi leda ta 500, kuma abokan ɗakinsa sun ɗauki na 3,000 bashi, waɗanda kunya ba za ta bar shi ya tambaye su ba. Abin da ya shigo hannunsa na haƙiƙa 1,000 ne kurum. In ya kashe 6,000 ɗin nan yana tsammani riba ce, to ya ci uwar kuɗi, bai sani ba. Yawancin masu karyewa ta haka su ke karyewa, ba ɓarawo ba, ba gobara ba.

Akwai kuma waɗanda in an ce su tsara shirin sana'a a rubuce, sai su kwafo na wani, ko su biya a rubuta musu. Mai yin haka ya iya cin jarrabawa, amma kasuwa ba ta duba maki. Gara wanda ya taka da ƙafarsa ya tambayi mai shago nawa a ke biyan haya, ko da rubutunsa bai yi kyau ba.

Sa'an nan sai naci. Kowa ya san a kan ce mai haƙuri ya kan dafa dutse, kuma lalle wanda ya jefar da ciniki don makon farko bai yi kasuwa ba, bai koyi kome ba. Sai dai a nan ne maganar ta ke da wuya, gama naci da taurin kai kamar Hassan da Usaini su ke, mai kallo daga nesa ba ya rarrabe su. Dukansu suna sammako, dukansu ba su jin masu cewa a bari. Ɗaya ya kan ƙare da dukiya, ɗaya da bashi.

Dubi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Ya shiga fataucin goro irin na kakanninsa Agalawa, amma bai ce sai ta hanyar da suka bi da jakuna ba. Da ya ga jirgin ruwa ya fi sauri, sai ya riƙa ɗoro goronsa daga Ankara zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya juya gare ta, har a 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya. Ya rasu a 1955. Da a ce goro da jaki ya nace wa, da yau ba mu san sunansa ba. Ciniki ya nace wa, haja kuwa ya sake ta sa'ad da zamani ya sake.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, in sabulunka ya ƙi tafiya, kada ka tambayi zuciyarka, domin ita kunyar mutane ta ke ji. Tambayi littafinka. In ya nuna masu saye suna ƙaruwa ko da kaɗan kaɗan, kuma ka san inda kuɗi ke zurarewa, daure, ka toshe ƙofar bashi, ka ƙara mako huɗu. In kuwa wata biyu sun wuce uwar kuɗi tana ta raguwa, ka sake farashi, ka sake wurin zama, abin bai motsa ba, to sayar da sauran kayan ko da faɗuwa kaɗan, ka kai wa malaminka littafin yadda ya ke, ku zauna ku duba tare abin da za a saro da kuɗin da suka rage.