Gaggawar Durƙuso Ba Taƙawa Ba Ce

Wani matashi a Rigachikun, wanda aka yi wa aikin jijiyar gwiwa, ya tambaya: shin ya ci gaba da salla bisa kujera, alhali mutane sun fara kiransa raggo?

To, ya ɗan'uwa, jijiyar da aka dasa takan kai wata 9 kafin ta yi ƙwari, kuma masu gashin ƙashi sannu-sannu suke lanƙwasa gwiwar. Manzon Allah (SAW) ya ba Imrana bin Husaini izinin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara. Wanda ya durƙusa don tsoron bakin mutane har jijiyar ta tsinke, ya haɗa riya da cutar da kai. Amma fa mai gudun motsa ƙafa saboda zafi, shi ya tsawaita wa kansa zaman kujera.