Zaki Aka Ce, Ɗan Rago Ya Gani

Karatu: Ru'ya ta Yohanna 5:1-10

Wanda ya tashi daga Dutse ya nufi Birnin Kudu, idan ya sami mai nuna masa hanya, za a kai shi Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A jikin duwatsun nan akwai zanen shanu wanda mutanen dā suka yi. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya dudduba su wajen 1955. Ran da na tsaya gabansu na ga shanu masu dogon ƙaho marasa tozo, irin da ba mu gani a garken Fulani a nan yau. Masu zanen sun shuɗe, garkensu ya shuɗe, sai hoton ya rage.

Mutum ya kan zana abin da yake girmamawa. Mu ma haka muke. In za a yi wa sarki kirari, sai a ce zaki, a ce toron giwa, a ce bajimi. Tambarin Nijeriya yana da gaggafa a bisa, da fararen dawakai biyu. Ban taɓa jin maroƙi ya kira ubangidansa tunkiya ba. Da ya yi, da ya kwana da yunwa.

Misali da dabba ba zunubi ba ne, gama Litafi Mai-tsarki cike yake da shi. Amma ku lura da inda ƙafa ke zamewa. Masarawa sun bauta wa wani bijimi mai suna Afis a birnin Memfis. Isra'ilawa suka fito daga ƙasan nan da hannun Allah, duk da haka da Musa ya daɗe bisa dutse, suka tara zinariyarsu, Haruna ya yi masu ɗan maraƙi (Fitowa 32). Tsoro ne ya kai su. Suna so su ga ƙarfi da idonsu, su taɓa shi da hannu. Daga baya Sarki Yerobowam ya yi biyu, ya sa ɗaya a Betel, ɗaya a Dan, don tsoron kada mulki ya kuɓuce masa.

To, mu fa? Mu kaɗan ne a ƙasan nan, kowa ya sani, tsoro kuwa ya kan zo. Na san akwai masu zuwa sujada ran Lahadi da Litafi a hannu, ƙarƙashin riga kuwa da laya wadda aka ɗinke da guntun fatar zaki ko ta damisa, wai don kwarjini gaban alƙali, ko a kasuwa. Ɗan'uwana, ashe ba ɗan maraƙin Haruna ke nan ba, an rage masa girma don ya shiga aljihu? Zakin nan bai iya tsare fatarsa daga maharbi ba. Ƙaƙa za ta tsare ka?

Yanzu mu duba Yohanna. Yana kuka domin ba a sami wanda ya isa ya buɗe litafin nan mai hatimi bakwai ba. Ɗaya daga cikin dattawa ya hana shi kuka, ya ba shi labari Zakin kabilar Yahuda ya yi nasara. Yohanna ya ɗaga ido, sai ga Ɗan Rago tsaye, da alamar yanka a jikinsa. Kunne ya ji zaki, ido ya ga rago, su biyun kuwa Yesu Kristi ne. Da jininsa ya ci yaƙin, ba da farce ba. Wannan yana da wuya ga zuciyar Bahaushe, ni ma tawa, gama tun muna yara aka koya mana rago na wuƙa ne.

Bayan na yi wannan wa'azi a wata ekklesiya ta ƙauye, wani dattijo ya same ni da dare, ya kwance layarsa daga damtse. Ya ce ubansa ne ya ɗaura masa, shekara arba'in bai taɓa tafiya ba ita ba. Hannunsa yana rawa. Ya ce, "Fasto, jibi ina da shari'ar gona. In na ƙone ta, wa zai raka ni?"

Muka durƙusa muka yi addu'a, ya jefa ta a wuta da hannunsa. Ranar shari'a dattawan ekklesiya biyu suka tafi tare da shi.