Igiyar Hokusai: Yabon Na Wane Ne?

Wajen shekarar 1831 aka buga hoton nan a Japan: ƙatuwar igiyar ruwa ta taso za ta rufe kwale-kwale uku, ga Dutsen Fuji can nesa ɗan ƙarami. Sunan Hokusai ne a jiki, domin shi ya zana.

Amma a wannan sana'a, manna zanen ake yi a kan katako, masassaƙi ya bi layin da wuƙa har takardar ta ƙare. Ashe layin da muke yabo, wuƙar wani ce ta fitar da shi, wani kuma ya shafa launi ya danna takarda. Ba a rubuta sunayensu ba.

Mu yaba wa Hokusai, ya cancanta. Sai dai adalci bai yarda yabonmu ya tsaya inda sa hannu ya tsaya ba.