Mudu Ɗaya

A gasar ƙera mutum-mutumi ta VEX, inda 'yan sakandare ke gwada basira, na'ura ba ta shiga fili sai ta bi ta hannun mai awo. Inci 18 a tsawo, 18 a faɗi, 18 a tsayi, iyakarta ke nan lokacin da za a fara wasa. Ko da kaurin yatsa ta zarce, sai an koma an rage.

A teburin mai awon nan ake gane adalin alƙali. Ga yarinya tsaye, idanu jajur don ta kwana tana ɗaure noti, hannun na'urarta ya leƙo da rabin inci. Malaminta na gefe yana marairaicewa: "Haba yallaɓai, yara ne fa, a duba." Zuciya takan karaya, ban musa ba. To amma a bayanta cikin layi akwai yaron da ya ga irin wannan kuskure a tasa tun daren jiya, ya sa zarto ya datse, ya haƙura da makin da tsawon zai jawo masa. Duk alfarmar da aka yi wa ta gaba, daga aljihunsa aka zaro ta. Ba zai ce uffan ba. Zai dai koma gida da karatun da babu wanda ya yi niyyar koya masa, wato doka ba ta cin kowa sai wanda bai iya roƙo ba.

Mun san mai mudu biyu a kasuwa, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ban taɓa jin an kira shi mai tausayi ba.

Ba kuma cewa nake kowace doka daidai take ba. Ƙungiyar FIRST, wadda Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989, ta yi gasarta ta mutum-mutumi ta farko a 1992 da ƙungiyoyi 28. Ta daɗe tana ba ɗalibai mako shida su gama ƙira, daga nan a zura na'urar cikin ƙatuwar leda a ɗaure da hatimi mai lamba. Babu mai gadi, amana ce kawai. Sai masu hannu da shuni suka riƙa ƙera ta biyu, sak ta farko, suna ta atisaye da ita, marasa hali kuwa suna zaune suna kallon leda. Ba su karya doka ba, dokar ce ta yi yoyo. Daga kakar 2020 aka soke ledar, a bainar jama'a, ga mai kuɗi da talaka baki ɗaya. Ba a ja wani gefe an raɗa masa cewa shi ya buɗe tasa ba.

Ita kuwa yarinyar, abin da take bin alƙali bashi shi ne ya nuna mata daidai inda ta zarce, ya faɗa mata ƙarfe nawa zai rufe awo. Zarto ba zai yi wuyar samu ba, yaron da ke bayanta na da shi a jaka.